Sallamar Ma'aikatan Twitter Bayan Zuwan Elon Musk: Tambayoyi da Amsoshi

Tun ranar da aka sallami rabin ma'aikatan Twitter (shafin da yanzu ake kira X) cikin dare ɗaya, a watan Nuwamba na 2022, mutane suka rabu gida biyu. Wasu na cewa Elon Musk ya tona asirin kamfanonin fasaha ne, ya nuna cewa mafi yawan masu karɓar albashi a can zaman banza suke yi. Wasu kuma na cewa zalunci ne tsagwaronsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi duk lokacin da zancen ya taso. Ina da ra'ayi a kan lamarin, ba zan ɓoye ba, amma inda hujjar ɗaya ɓangaren take da ƙarfi zan faɗa.

Me ya faru ne takamaimai?

A watan Afrilu na 2022 Musk ya taya kamfanin Twitter a kan dala 54.20 kowane hannun jari, wato kimanin dala biliyan 44 baki ɗaya. Hukumar gudanarwar kamfanin ta sallama. Da watan Yuli ya kama sai ya ce ya fasa, wai shafukan bogi sun fi yadda aka gaya masa yawa. Twitter ta maka shi a kotu a jihar Delaware, aka sa ranar shari'a a watan Oktoba. Ana saura kwanaki a shiga kotu ya dawo ya ce zai saya a kan farashin farko. Ciniki ya kammala ranar 27 ga Oktoba, 2022.

A ranar ya kori shugaban kamfanin, Parag Agrawal, da mai kula da kuɗi, Ned Segal, da Vijaya Gadde wadda ke riƙe da sashen shari'a da tsare-tsare, da babban lauyan kamfanin, Sean Edgett. Kwana takwas bayan haka, ranar Juma'a 4 ga Nuwamba, aka sallami kusan mutum 3,700 cikin ma'aikata 7,500.

Yaya aka sanar da su?

Ranar Alhamis da yamma saƙon imel ya shiga wa kowa. Aka ce kada wanda ya zo ofis gobe, an rufe ofisoshi, katin shiga ma an dakatar da shi. Wanda aikinsa ya tsira zai ga saƙo a adireshinsa na ofis. Wanda aka sallama kuma zai ga nasa a adireshinsa na ƙashin kansa. Shi ke nan bayanin.

Da yawa ba su ma kai ga ganin saƙon ba. Mutum na zaune a ɗakinsa cikin dare, kwamfutar ofis a kan cinyarsa, yana hira da abokan aiki a manhajar Slack, sai ya ga an fitar da shi. Ya sake saka lambobin sirri, ta ƙi karɓa. Can sai allon kwamfutar ya kulle. Ta haka ya san cewa aikin da ya yi shekara biyar ko takwas yana yi ya ƙare. Waɗanda ba a riga an rufe nasu ba suka dinga tura wa juna alamar sarawa irin ta soja da shuɗiyar zuciya, suna bankwana kafin a kai gare su. Akwai shugabannin sassa da ba su san wa aka bari a ƙarƙashinsu ba sai da suka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya suna duba wanda har yanzu yake amsawa.

Gaggawar ta kai inda bayan kwana biyu ko uku aka riƙa kiran wasu ana roƙon su dawo, domin an gano ko dai kuskure aka yi, ko kuma su kaɗai suka san yadda wani sashe na na'urorin yake aiki.

Mutum nawa suka rasa aiki gaba ɗaya?

Korar 4 ga Nuwamba somin taɓi ce. Mako guda bayanta aka yanke kwantiragin dubban 'yan kwangila. Rahotanni sun ce kimanin 4,400 cikin 5,500, kuma da yawansu masu tace abubuwan da ake wallafawa ne. Sai guguwar ajiye aiki ta tsakiyar Nuwamba, sai ƙananan kore-kore da suka ci gaba har cikin 2023. A hirar da ya yi da BBC a watan Afrilu na 2023, Musk da bakinsa ya ce ma'aikatan sun koma kusan 1,500 daga kusan 8,000. Kashi 80 cikin ɗari ke nan suka tafi cikin wata shida.

Wane dalili ya bayar? Da gaske ne kamfanin yana asara?

Ya ce ba shi da zaɓi, domin kamfanin na asarar fiye da dala miliyan 4 a kullum. A wannan maganar akwai gaskiya, akwai kuma abin da aka bari ba a faɗa ba.

Gaskiyar ita ce Twitter ba ta taɓa zama kamfani mai ƙiba ba. Tun da ta shiga kasuwar hannun jari a 2013, shekara biyu kacal ta rufe da riba, 2018 da 2019. A 2021 kuɗin shigarta ya ɗan haura dala biliyan 5, kusan kashi 90 cikin ɗari daga talla, amma duk da haka ta faɗi da dala miliyan 221. Sai dai a lura, a shekarar ce ta amince ta biya sama da dala miliyan 800 don sasanta wata ƙara da masu hannun jari suka shigar. Ba don wannan ba da ba ta faɗi ba. Kamfani ne mai ɗingishi, amma yana tafiya da ƙafarsa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bashi. Musk bai biya dala biliyan 44 duka daga aljihunsa ba. Ya sayar da hannun jarinsa na Tesla, ya samu abokan zuba jari irin su attajirin Amurka Larry Ellison da Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya da asusun zuba jari na Qatar, sannan bankuna irin su Morgan Stanley da Bank of America da Barclays suka ba da rancen kimanin dala biliyan 13. Wannan rancen a wuyan Twitter aka rataya shi. Kamfanin da a 2021 kuɗin ruwan da yake biya bai wuce kimanin dala miliyan 50 ba, ya wayi gari ana bin sa fiye da dala biliyan 1 duk shekara, kuɗin ruwa kawai. In ka raba wannan a kan kwanakin shekara, kusan dala miliyan 3 ne kowace rana.

Kamar mutum ne ya sayi motar haya da tsada fiye da ƙimarta, da kuɗin aro, ya ce motar ce za ta biya kanta. Washegari ya kira direba da yaron mota da bakanike ya ce balas ba ya isa, dole wasu su tafi. Balas ɗin kuwa ya daina isa ne saboda bashin da shi ya jawo.

Ga kuma masu ba da talla. General Motors da Pfizer da General Mills da Volkswagen duk sun dakatar da tallarsu cikin kwanakin farko, suna jiran su ga inda shafin ya dosa. Musk ya ɗora laifin a kan ƙungiyoyin fafutuka da suka matsa musu lamba. Matsin lambar ya faru, amma kamfanonin ma suna da idanu. Lokacin da aka fara sayar da shuɗin maki, alamar da ke nuna shafi na ainihin mai sunan ne, a kan dala 8 ba tare da tantancewa ba, wani ya buɗe shafin bogi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly ya rubuta cewa insulin ya zama kyauta, saƙon ya yi sa'o'i yana yawo. Mai kaya ba ya son a rataya tallarsa a irin wannan kasuwa.

Ai shi ma Jack Dorsey ya yarda ma'aikatan sun yi yawa, ko ba haka ba?

Haka ne. Kwana guda bayan korar, Dorsey, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Twitter, ya fito ya nemi afuwa, ya ce shi ne ya faɗaɗa kamfanin cikin gaggawa. Alƙaluma na goyon bayansa: a ƙarshen 2019 ma'aikatan kusan 4,900 ne, a ƙarshen 2021 sun kai 7,500, kuɗin shiga kuma bai bi sahu da irin wannan saurin ba. Tsofaffin shugabannin ma sun riga sun dakatar da ɗaukar sabbin ma'aikata tun a watan Mayu na 2022.

Don haka ni ban ce rage ma'aikata a Twitter laifi ne a karan kansa ba. Ko wa ya karɓi kamfanin, da wuya a ce bai rage ba. Rigimar tana kan adadin, da saurin, da zaɓin waɗanda aka cire, da yadda aka yi da haƙƙinsu. Mutumin da ya yi mako ɗaya a gida ba zai iya sanin wace katanga ce ke riƙe da rufi ba, balle ya rushe rabin katangun cikin dare.

To ai shafin bai mutu ba. Wannan bai nuna cewa Musk ya yi daidai ba?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da magoya bayansa suke da ita, kuma ta cancanci a amsa ta da kyau.

A tsakiyar Nuwamba na 2022 mutane sun yi ta bankwana da juna a Twitter, ana cewa ba za ta kai ƙarshen mako ba. Gasar Cin Kofin Duniya ta Qatar na tafe, lokacin da cunkoso ke kaiwa ƙololuwa, tsofaffin injiniyoyi na hasashen za ta durƙushe. Aka buga gasar har wasan ƙarshe tsakanin Ajantina da Faransa, shafin yana nan. Masu hasashen rushewa sun yi kuskure, a faɗa musu gaskiya.

Sai dai akwai abu biyu. Na farko, shafin ya ci gaba da tsayuwa ne a kan ginin da waɗanda aka kora suka yi shekaru suna yi. Injiniyan kirki yakan tsara aikinsa ta yadda na'ura za ta yi ta tafiya ko da ba ya nan. Idan ka kori mai gadi da mai gyaran famfo, gida ba ya faɗuwa a ranar; sai damina ta zo ake sanin inda ke yoyo. Kuma yoyon ya bayyana: an samu ɗaukewar shafin a ƙarshen Disamba na 2022, da Fabrairu, da 6 ga Maris na 2023 lokacin da hotuna da adireshin shafuka suka daina buɗuwa. A watan Mayu na 2023, lokacin da gwamnan Florida Ron DeSantis ya zo ƙaddamar da takararsa ta shugaban ƙasa kai tsaye a shafin tare da Musk, sauti ya yi ta yankewa har aka shafe fiye da minti ashirin ba a fara ba.

Na biyu ya fi muhimmanci a wurina. Cewa shafi yana buɗuwa idan ka danna shi ma'auni ɗaya ne kawai. Twitter kasuwa ce ta magana, kuma kasuwa ba rumfuna ba ce kaɗai. Akwai sarkin kasuwa, akwai masu raba faɗa, akwai masu kama ɓarawo, akwai masu shara. In an kore su duka, rumfuna na nan, ciniki na gudana, baƙo da ya leƙo zai ce komai lafiya. Wanda aka yi wa sata ko aka ci wa mutunci ya rasa inda zai kai ƙara shi ne zai ba da labari.

Waɗanne sassa ne abin ya fi shafa?

Sashen kare haƙƙin ɗan Adam an share shi baki ɗaya. Haka sashen da ke zaɓo sahihan labarai yana yi wa batutuwan da ke tashe bayani, da sashen da ke binciken ko tsarin kwamfutar da ke zaɓa wa mutane abin da za su gani yana nuna son kai, da masu kula da sauƙaƙa wa makafi da sauran masu buƙata ta musamman amfani da shafin. Sashen hulɗa da 'yan jarida ma ya tafi kusan duka. A Indiya, ƙasa mai mutum fiye da biliyan ɗaya, an sallami sama da kashi 90 cikin ɗari na ma'aikatan. A watan Disamba aka rushe majalisar ba da shawara kan tsaron masu amfani da shafin, wadda ta ƙunshi ƙungiyoyi masu zaman kansu kusan ɗari.

A ranar korar, Yoel Roth, shugaban sashen tsaro da aminci, ya fito ya kwantar da hankali, ya ce kashi 15 cikin ɗari ne kawai na sashensa abin ya taɓa. Bai cika mako guda ba shi ma ya ajiye aiki. Daga baya, a Janairu na 2024, hukumar kula da tsaron intanet ta Ostireliya ta fitar da alƙaluman da ta tilasta wa kamfanin ya ba ta: injiniyoyin da ke aikin tsaro da aminci sun ragu da kashi 80 cikin ɗari, masu tace saƙonni da kamfanin ya ɗauka kai tsaye sun ragu da fiye da rabi.

Kamfanin ya ce ya maye gurbinsu da na'ura da kuma Community Notes, tsarin da masu amfani da shafin ke liƙa wa saƙon ƙarya bayanin gyara. Tsarin yana da amfani, na sha ganin ya kunyata masu yaɗa ƙarya. Amma bayani ba ya fitowa sai mutane masu bambancin ra'ayi sun yarda da shi, kuma hakan na cin lokaci. Sannan yana aiki ne inda masu rubuta gyaran suke da yawa, wato a manyan harsuna.

Mu da ke nan, ina ruwanmu da korar ma'aikata a San Francisco?

Da ruwanmu, domin korar ta iso har Afirka ta Yamma. A watan Afrilu na 2021 Twitter ta sanar cewa za ta buɗe ofishinta na farko a nahiyar a Accra, babban birnin Ghana. A lokacin an yi ta ƙorafi a Najeriya cewa an tsallake ƙasar da ta fi Ghana yawan masu amfani da shafin. Aka ɗauki ma'aikata, ba su kai ko sun ɗan kai ashirin ba, suka yi fiye da shekara suna aiki daga gida. Farkon Nuwamba na 2022 suka tare a sabon ofishin. Ba su yi mako a ciki ba saƙon sallama ya iso, aka kore su kusan duka. Wasunsu sun baro wasu ƙasashe, har da Najeriya, sun kwaso iyali sun koma Ghana saboda wannan aikin.

Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta tanadi cewa kafin a rage ma'aikata sai an sanar da babban jami'in ƙwadago wata uku kafin lokacin, a kuma zauna a daidaita kuɗin sallama. Ma'aikatan suka ce ba a bi wannan ba, suka ɗauki masu kare su. Sai a watan Fabrairu na 2024, bayan fiye da shekara guda ana kai ruwa rana, aka ba da labarin an biya su. Mutum ashirin ne fa, a kamfanin da aka saya dala biliyan 44.

Sai a tuna lokacin. Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni na 2021, bayan goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, har zuwa 13 ga Janairu, 2022. Kowa ya ga rawar da shafin ya taka a zanga-zangar EndSARS ta 2020. Babban zaɓe kuma na tafe ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Wata uku da 'yan makonni kafin zaɓen aka rufe ƙofar da ta fi kusa da mu. Mutanen Accra su ne za su iya gane habaici da zambo, su san wace kalma ce a Hausa ko Ibo ko Yarbanci take kiran a far wa wata ƙabila ko wani addini. Na'urar da aka horar da Turanci ba ta jin wannan. Mu kuma mun san abin da jita-jita ɗaya take iya haddasawa a gari kafin la'asar.

Doka ta yarda a kori mutane haka? An biya su haƙƙinsu?

A Amurka mai kamfani na da 'yancin sallamar ma'aikaci kusan duk lokacin da ya ga dama. Amma akwai dokar tarayya ta 1988 da ake kira WARN, wadda ta wajabta wa manyan kamfanoni ba da sanarwar kwana 60 kafin korar jama'a da yawa. Abin da Twitter ta yi shi ne ta rufe musu hanyar aiki nan take, ta ci gaba da biyan su albashin wata biyun, sannan ta yi tayin ƙarin wata ɗaya ga wanda ya sa hannu cewa ba zai kai ƙara ba. Wannan ne Musk ya kira kuɗin sallama na wata uku. Biyu daga ciki dole ce ta doka.

Ma'aikatan suka ce an yi musu alƙawarin fiye da haka, domin yarjejeniyar cinikin ta ƙunshi cewa har shekara guda ba za a ba wanda aka sallama ƙasa da abin da tsohon tsarin kamfanin ya tanada ba. Lauya Shannon Liss-Riordan ta shigar da ƙara tun daren da za a fara korar. Da yake yawancin ma'aikatan sun sa hannu tun ranar ɗaukar su aiki cewa duk wata rigima a gaban mai sasanci za a warware ta, ba a kotu ba, sai kusan mutum 2,000 suka shigar da ƙorafi ɗai-ɗai. Wata ƙarar kuma ta nemi dala miliyan 500 a madadin dubban ma'aikata. Alƙali ta yi watsi da ita a Yuli na 2024, aka ɗaukaka, sannan a Agusta na 2025 ɓangarorin suka shaida wa kotu sun cimma matsaya. Agrawal da abokansa uku ma sun kai tasu ƙarar a Maris na 2024 suna neman dala miliyan 128.

A nan ne raina ya fi ɓaci. Mun taso muna jin hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa tun guminsa bai bushe ba. Ka rage ma'aikata domin kasuwa ta juya, wannan kowa na iya fahimta. Amma mutumin da ya fi kowa kuɗi a duniya ya bar wanda ya sallama yana zarya wurin lauyoyi shekara biyu zuwa uku a kan abin da aka rubuta masa, ban ga uzurin da zai wanke wannan ba.

Mene ne labarin saƙon da aka ce ko ka danna "eh" ko ka tafi?

Ranar 16 ga Nuwamba, 2022, waɗanda suka tsira daga korar farko suka tashi da saƙo daga Musk, mai taken da ke nufin mararrabar hanya. Ya ce sabuwar Twitter na buƙatar aiki mai tsanani na dogon lokaci, ƙwazo na musamman ne kawai zai wadatar. Wanda ya yarda ya danna "eh" kafin ƙarfe 5 na yammacin gobe agogon New York. Wanda bai danna ba, an ɗauka ya ajiye aiki, zai karɓi kuɗin wata uku. Ɗaruruwa suka ƙi dannawa, har aka sake rufe ofisoshi.

Wannan salon bai yi tasiri ko'ina ba. Wani babban ma'aikaci a ofishin Dublin bai danna ba, aka ce ya yi murabus. Ya kai ƙara hukumar sasanta rikicin ma'aikata ta Ailan, ita kuma a Agusta na 2024 ta yanke cewa rashin danna maɓalli ba murabus ba ne, korar zalunci ce, ta umarci a biya shi kusan yuro 550,000.

Ai waɗannan masu albashi mai tsoka ne. Me ya sa za a tausaya musu?

Wasu kam ba su sha wahala ba, sun samu wani aikin cikin 'yan makonni. Amma ba kowa ne babban injiniya ba. Akwai baƙi masu bizar aiki ta H-1B, yawanci 'yan Indiya da China, waɗanda doka ta ba kwana 60 su samu wani aikin ko su tattara su bar ƙasar, ga 'ya'ya a makaranta. Wannan ne ma ya sa da yawansu suka danna "eh" ba don suna so ba. Akwai 'yan kwangilar da ke wuni suna kallon hotunan kisa da cin zarafin yara don kada mu gani, albashinsu kaɗan, sallamarsu babu ko sanarwa. Akwai masu sharar hedikwatar San Francisco da suka rasa aikinsu a watan Disamba.

Akwai kuma Haraldur Thorleifsson, ɗan Iceland mai fama da ciwon shanyewar tsoka, wanda ke amfani da keken guragu. A Maris na 2023 ya kwana tara kwamfutarsa a kulle, babu wanda ya iya gaya masa ko yana aiki ko an kore shi, har ya tambayi Musk a bainar jama'a. Musk ya yi masa ba'a, ya zarge shi da fakewa da lalurarsa. Daga baya ya kira shi, ya fito ya nemi afuwa. Afuwar ta yi kyau. Amma wannan mutum sananne ne mai dubban mabiya. Sauran dubban da ba su da murya ba wanda ya kira su.

Meta da Google da Amazon ma sun kori dubbai. Me ya sa aka sa wa Twitter ido?

Gaskiya ne, lokacin kora ne a ko'ina. Kamfanonin sun ɗibi ma'aikata a zamanin korona, sai babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa a Maris na 2022, kuɗi ya yi tsada, talla ta ja baya. Meta ta sallami 11,000 kwana biyar bayan Twitter, ta ƙara 10,000 a Maris na 2023. Amazon 18,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, duk a Janairu na 2023.

Bambancin yana wurin kaso da mu'amala. Na Meta kashi 13 cikin ɗari ne, na Google kusan 6. Mark Zuckerberg ya rubuta wasiƙa da sunansa ya ɗauki laifin, aka ba kowa albashin mako 16 da ƙarin mako biyu kan kowace shekarar da ya yi. Wannan bai mayar da kora abin daɗi ba, amma wanda aka sallama ya san matsayinsa da abin da zai karɓa tun ranar farko.

A ƙarshe, korar ta gyara kasuwancin kamfanin?

Kashe kuɗi ya ragu sosai, wannan babu musu. Amma kuɗin shiga ma ya zube. A Yuli na 2023, watan da aka sauya sunan zuwa X, Musk ya ce kuɗin talla ya faɗi da kusan rabi kuma abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa. A 2024 kamfanin zuba jari na Fidelity, wanda ke da kaso a ciki, ya rage ƙimar hannun jarinsa da kusan kashi 80 cikin ɗari. Daga baya al'amura suka ɗan farfaɗo, musamman bayan zaɓen Amurka na 2024 da kusancin Musk da Donald Trump. A Maris na 2025 kamfaninsa na ƙirƙirarriyar basira, xAI, ya haɗiye X a kan ƙimar dala biliyan 33, ko 45 in an haɗa da bashi. Sai dai ciniki ne tsakanin kamfanoni biyu na mutum ɗaya, don haka farashin ba irin wanda ake samu ba ne idan baƙo ya zo ya taya.

Shin salon ya tsaya a Twitter?

Bai tsaya ba. Masu zuba jari sun riƙa nuna Twitter suna tambayar shugabannin wasu kamfanoni me ya hana su yin irin haka. Sannan ranar 28 ga Janairu, 2025, mako guda bayan Trump ya dawo mulki ya ba Musk aikin rage kashe kuɗin gwamnati, ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka kusan miliyan biyu suka ga saƙo a imel ɗinsu ana yi musu tayin su ajiye aiki a ci gaba da biyan su har ƙarshen Satumba. Taken saƙon shi ne dai wancan na ranar 16 ga Nuwamba, 2022: mararrabar hanya.